Misau, Garin Sarkin Bornu ta Gabas

Wanda ya saba ziyarar gidajen tarihi a garuruwan bakin teku irin su Badagry ko Kalaba ya san yadda abin yake. Ka biya kuɗin shiga, wani ya wuce gaba yana yi maka bayani, ga sarƙoƙin bayi cikin akwatin gilashi, ga tsofaffin hotuna a bango, kowanne da 'yar takarda a ƙarƙashinsa. A Misau sai baƙo ya sauya salo. Garin yana can arewacin Jihar Bauchi, nesa da kowane teku, kuma kayan tarihinsa a warwatse suke. Wasu suna fada, wasu a bakin maroƙa, wasu a kan dawaki ranar salla, wasu kuwa sai an bar garin an nufi Azare da Katagum da Shira.

Ruwan da Misau ta sani shi ne kogin da ke ɗauke da sunanta, kimanin kilomita 8 daga gari. Shi ne ke gangarawa gabas da sunan Komadugu Gana, ya haɗu da kogin Yobe, su nufi Tafkin Chadi. Wanda ya bi ruwan nan zai isa Borno, kuma daga can labarin masarautar ya taso. A 1808 Gwani Mukhtar, malami kuma jagoran Fulanin Borno, ya ci Birnin Gazargamu, fadar sarakunan da suka yi ƙarnuka suna mulkin wannan nahiya. Nasarar ba ta daɗe ba. Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi, wanda Hausawa ke kira Shehu Laminu, ya tsaya wa Mai na Borno, aka ƙwace birnin, Gwani Mukhtar ya rasa ransa. Ɗansa Mamman Manga ya gaji tuta da jama'a, amma ba shi da ƙasar da zai kafa su.

Ita kuwa Misau tsohon gari ne da ke nan tun kafin jihadi. A 1827, shekarar da Yakubun Bauchi ya tare rundunar Shehu Laminu da ta nufo Kano, shi da Sarkin Katagum Dan Kawuwa suka ci garin tare. Daga nan sai gardama ta tashi, kowa ya ce nasa ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardamar ta hanyar da babu wanda ya yi zato cikinsu: a 1831 ya hana su duka biyun, ya danƙa garin da kewayensa ga Mamman Manga. A ganina wannan hukunci yana cikin mafi wayo da Bello ya yanke a gabashin daula. Ya kashe wutar da ke neman kamawa tsakanin manyan sarakunansa biyu, ya saka wa gidan Gwani Mukhtar, sannan ya dasa a bakin iyaka mutanen da suka fi kowa sanin Borno. Shi ya sa har yau sarautar Sarkin Misau ita ce Sarkin Bornu ta Gabas, alhali Gazargamu kufai ce a Jihar Yobe, babu abin da ya rage sai tudun ganuwa da gutsattsarin jan bulo.

Sarki Ahmadu, wanda ya yi mulki daga 1833 zuwa 1850, shi ya gina ganuwar gari. Ganuwar ƙasa kuwa sai da yaɓe duk shekara, ranar da aka daina gayya damina ta fara cin rabonta, masu gini su ƙarasa sauran. Saboda haka mai son gane iyakar tsohon gari ya nemi dattijo, ya bi shi a ƙafa, ya riƙa tambayar sunayen unguwanni da inda ƙofofi suke a da. Sarki Sale, daga 1860 zuwa 1886, mayaƙi ne, kuma saboda yaƙe-yaƙensa Sakkwato ta ƙara wa masarautar ƙasa.

Wanda labarinsa ya fi tsaya mini a rai shi ne Ahmadu na biyu. Shekara uku kacal ya yi a kan gado, daga 1900 zuwa 1903. Da Turawan Ingila suka matso, sai ya zaɓi hijira a kan ya miƙa wuya, ya bi sahun Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya zuwa Burmi. A can aka gwabza a watan Yulin 1903, Attahiru ya yi shahada tare da ɗimbin jama'a, waɗanda suka tsira kuma suka ci gaba da tafiya gabas da niyyar Makka, da yawansu suka zauna a Sudan, a gaɓar kogin Nilu, inda garin Mai Wurno yake har gobe. Gidan da ya zo daga gabas a zamanin kakanni, sai ga jikan ya sake komawa gabas da tuta a hannu. Turawa ba su bar abin ya wuce haka ba. A 1904 suka sa Misau ƙarƙashin Katagum, sai a 1907 aka mayar mata da matsayinta cikin Lardin Kano, a 1926 kuma aka mayar da ita Lardin Bauchi. Sarki Muhammadu Manga na uku, mai sunan wanda ya kafa masarautar, ya rasu a 2015, Alhaji Ahmad Sulaiman ya gaje shi.

Idan ana son ganin wannan tarihi da ido, ranar hawan salla ce ranarsa. A nan kayan da a wani gari za ka gani bayan gilashi suke fitowa da ƙafarsu. Tsaya kusa da ɗan lifidi ka duba da kyau. Rigar dokin an cusa ta da rimi ko auduga, an ɗinke ta layi-layi, ta yi kauri yadda kibiya za ta shiga ta maƙale ba ta kai ga fata ba. Mahayin yana gumi ƙarƙashin kwalkwali, dokin yana huci, kuma kai da kanka za ka gane dalilin da ya sa ba a sukuwa mai nisa da irin wannan kaya. Ga kakaki da algaita, ga maroƙi yana jero sarakuna ɗaya bayan ɗaya da kirarinsu. Abin da ke damuna shi ne washegari a naɗe komai a mayar ɗaki, kuma tsohon da ya san wane ne ya fara ɗaura wannan lifidi, a wane yaƙi, ba kullum ake samun mai zama ya rubuta daga bakinsa ba.

An san ƙasar Misau da auduga da baba, da saƙa da rini. Yadin kanti ya danne wannan sana'a a ko'ina cikin Arewa, don haka duk inda baƙo ya ji ƙarar ƙoshiya a zaure, ya tsaya ya yi sallama. Ƙyallen da ke fita daga masaƙa faɗinsa bai wuce 'yan yatsu ba, sai an harhaɗa da yawa kafin a sami zane ɗaya.

Daga Misau zuwa Azare gajeriyar tafiya ce a mota, kuma nan baƙi ke rikicewa. Fadar Sarkin Katagum tana Azare, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Katagum ma Azare ce, shi kuwa garin Katagum na asali, wanda Malam Ibrahim Zaki ya kafa a zamanin jihadi, yana can arewa, shi ne hedikwatar Ƙaramar Hukumar Zaki. Turawa ne suka mayar da fadar zuwa Azare a farkon mulkinsu. Tsohon garin ya cancanci a je shi. A watan Janairun 1824 Baturen nan Hugh Clapperton ya sauka a cikinsa a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Kano, ya tarar da birni mai ganuwa biyu, kasuwa tana ci da wuri. Abokin tafiyarsa, likita Walter Oudney, bai kai Kano ba, ya mutu a Murmur, ba nisa da Katagum.

Mai neman zane kuwa, Shira ce wurinsa. A jikin duwatsun da ke kewaye da tsohon garin akwai zane-zanen shanu da jan launi, waɗanda suka girmi sarautun Misau da Katagum, kuma suna cikin jerin wuraren tarihi da gwamnatin tarayya ta ayyana, kamar na Geji da na Birnin Kudu. Ba a hawa dutsen nan kai tsaye. A fara gaida masu gari, su haɗa mutum da wanda ya san hanya, a tafi da sassafe kafin dutse ya ɗau zafi, kuma kada a shafa zanen da hannu ko a watsa masa ruwa wai don ya fito a hoto.