Daga Wuri Zuwa Sefa a Parakou da Djougou

Tun kafin takardar kuɗi ta iso arewacin ƙasar Benin, Parakou da Djougou manyan zanguna ne a kan hanyar fataken Hausawa masu zuwa Gwanja sayen goro. Ayari kan taso daga Kano ko Sakkwato da jakuna ɗauke da kanwa, fatu da tufafi, ya ratsa Bargu, ya yada zango a garuruwan nan kafin ya doshi Salaga da ke Gwanja. Wuri shi ne kuɗin kasuwa, da shi ake biyan fito da ladan fatoma. Aibinsa nauyi, shi ya sa manyan fatake suka fi son musayar haja da haja.

Da Faransa ta kafa mulkinta a Dahomey, wato Benin ta yau, sai ta ɗora haraji da faran, wuri ya soma ja da baya. Bankin da ke fitar da takardun faran a lokacin shi ne Banque de l'Afrique Occidentale, wanda aka kafa a 1901, kuma takardunsa na farko suna ɗauke da sunan reshen da ya fitar da su, ciki har da Porto-Novo. A 1917, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ƙarfen canji ya yi ƙaranci har aka buga wa Dahomey ƙananan takardu na rabin faran, faran 1 da faran 2. Masu tara tsofaffin kuɗi na neman waɗannan ruwa a jallo, domin takarda ce mara ƙwari, da wuya a samu wadda gara da damshi suka bari.

A Amurka, daga 1863 zuwa 1935, bankunan ƙananan garuruwa sun fitar da takardu da sunayen garuruwansu. Parakou da Djougou ba su taɓa samun haka ba, duk da girman kasuwarsu. An ƙirƙiro sefa a 1945, daga baya babban bankin ƙasashen Yammacin Afirka, BCEAO, ya karɓi aikin fitar da ita. Abin da mai tarawa ke dubawa yanzu shi ne harafin ƙasa da ke jikin takardar sefa: B na Benin, tun tana Dahomey, H na Nijar, T na Togo. A 2004 aka janye takardun zubin 1992, duk wadda ba a canza ba ta koma kayan tarihi. BCEAO na da ƙaramin reshe a Parakou, amma gidan tarihinsa na kuɗi yana Dakar.