Sanɗa ko Fito-na-fito: Tarihin Wasannin Harbi da Abin da Suka Tuna Mana na Duwatsun Ningi

Duk wanda ya taɓa leƙa shagon gem a Wunti ko Yelwa da yamma ya san wannan gardamar. Yaro ɗaya yana buga wasa, uku na tsaye a kansa. Wannan ya ce ya lallaɓa ta cikin ciyawa ya kashe ƙararrawar sansanin tukuna, wancan ya ce ai wannan aikin matsorata ne, ya faɗa musu da manyan bindigogi kawai. Mu iyaye da yayye ƙarar harbi kaɗai muke ji, mu yi tsaki mu wuce. Amma gardamar tana da tarihi, kuma tarihin ya fi yaran nan shekaru.

A shekarar 1981 wani Ba'amurke mai suna Silas Warner ya fitar da wasan Castle Wolfenstein, inda fursuna ke neman tserewa daga kurkuku, har yakan sa kakin abokan gaba don kada a gane shi. A 1987 kuma Hideo Kojima na kamfanin Konami a Japan ya fito da Metal Gear. An ba shi aikin wasan yaƙi ne, sai ya tarar kwamfutar MSX2 ba za ta iya nuna sojoji da harsasai masu yawa a lokaci guda ba. Sai ya juya wasan: maimakon ka fi kowa harbi, ka fi kowa iya ɓuya. Ashe gazawar na'ura ce ta raini salon sanɗa. Ɗaya ɓangaren kuwa ya samu sarkinsa a 1993 da wasan Doom, wanda babu komai cikinsa sai gudu da luguden wuta.

Hanyoyin biyu sun haɗu ne lokacin da aka fara wasannin da ke sakin mutum a faffaɗan fili ya bi inda ya ga dama. Yawancinmu a nan mun san wannan ta hanyar GTA: San Andreas na 2004, zamanin da PlayStation 2 ke tashe a shagunan unguwa. Jerin Far Cry na kamfanin Ubisoft ne ya mai da zaɓin ya zama zuciyar wasan. A Far Cry 3 na 2012, wanda ya ƙwace sansani ba tare da an gan shi ba ya fi samun maki, wanda ya bari aka kaɗa ƙararrawa kuwa sai ya fuskanci ƙarin dakaru.

Tare da wannan sauyi sai shi ma mugun wasan, wanda yaranmu ke kira bos, ya samu asali. A da dodo ne kawai da ake kashewa a ƙarshe. A Far Cry 3, Vaas ɗan tsibirin ne, yana da 'yar uwa da dangi, ƙwaya da hulɗa da wani mai fataucin mutane suka lalata shi. A Far Cry 4 na 2014, azzalumin sarki Pagan Min ya rasa jaririyar 'yarsa, kuma mahaifin jarumin wasan ne ya kashe ta. Abin mamaki, a farkon wasan sarkin yakan ce ka zauna a teburin cin abinci ka jira shi. Wanda ya yi haƙurin kimanin minti 15 zai ji gaskiyar labarin, wasan ya ƙare ba tare da ya harba ko harsashi ɗaya ba.

To mu a Bauchi ba sai mun je wata ƙasar da aka ƙirƙira ba kafin mu ga waɗannan abubuwa biyu. Suna nan a tarihinmu. Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa garin nan a wajajen 1809 ya kewaye shi da ganuwa. Ƙarfin masarautun wancan zamani yana kan dawakai ne: barade da lifidi, tambura da kakaki, yaƙin da ake jin tahowarsa tun daga nesa. Bayan rasuwarsa a 1845, a zamanin ɗansa Ibrahim, wani salon yaƙi ya taso daga duwatsun Ningi. Mayaƙan can sun san doki ba ya hawan dutse. Sai suka riƙe kwari da baka, kwanton ɓauna da sari-ka-noƙe. Shekaru da dama suna kai hari ƙasashen Bauchi, Kano da Zazzau, manyan rundunoni suka kasa murƙushe su, har Turawa suka iso a 1902.

A bakin wanda aka ƙone wa gari ko aka kama wa 'ya'ya, Ningawan wancan lokaci mahara ne, kuma ba ƙarya ya yi ba. Amma su ma labarinsu yana da mafari. Malam Hamza da wasu malamai sun baro Tsakuwa ta ƙasar Kano ne a wajajen 1846 saboda sun ƙi yarda da harajin ƙasa da aka ɗora musu. A duwatsu suka tarar da Butawa, Warjawa da Fa'awa, waɗanda su ma suke gudun hare-haren kamen bayi da biyan gandu. Ƙorafi ya haɗu da ƙorafi. Yau Ningi masarauta ce a jiharmu, jikokin ɓangarorin biyu suna auratayya, suna cin kasuwa ɗaya.

Sanin mafarin mutum ba wanke shi ba ne. Vaas dai makashi ne, kuma akwai haɗari idan yaro ya fara sha'awar bos saboda iya magana da rashin tsoro. A nan ne aikinmu yake. Yaron da ya iya ba ka tarihin Pagan Min daga farko har ƙarshe amma bai taɓa jin sunan Malam Hamza ba, bai san ƙofofin garinsu ba, ba laifinsa ba ne shi kaɗai. Turawa sun zauna sun tsara nasu labarin, mu muka bar namu a bakin tsofaffi. Ko da suka kawo wasan Afirka a Far Cry 2 na 2008, ƙasa ce marar suna, babu komai cikinta sai zazzaɓin cizon sauro, lu'ulu'u da dillalin makamai.

Don haka kafin mu ƙwace waya ko mu kashe talabijin, mu zauna mu tambayi yaron: me ya mai da wannan mutum haka, kuma wa ya cutu da abin da ya aikata? Idan ya amsa, sai mu kai shi gaban kakansa ya ji na Ningi da na ganuwar Bauchi. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.