Asalin Jirgin Ƙarƙashin Ƙasa na Birnin Landan

A tsakiyar ƙarni na 19, sa'ad da jama'ar Landan suka yawaita har kekunan doki suka cushe tituna, ya zamana mutum ba ya isa wurin sana'arsa sai da matuƙar wahala, wani lauya mai suna Charles Pearson ya dage bisa shawarar a haƙa wa jirgi hanya a ƙarƙashin gari, ko da yake mutane da dama sun ɗauki al'amarin wauta. Allah bai nufe shi da ganin sakamakon himmarsa ba, domin ajali ya riske shi a 1862, alhali sai ran 10 ga Janairu 1863 aka buɗe hanyar daga Paddington zuwa Farringdon.

Hikimar aikin ita ce a tone titi, a gina ramin da tubali, sa'an nan a rufe a mayar da titin bisansa. Amma da yake da kwal jiragen suke tafiya, hayaƙi ya addabi fasinjoji ƙwarai, kuma lalle haƙurinsu ya cancanci yabo. Sauƙi bai fara samuwa ba sai a 1890, da aka buɗe wata hanya mai zurfi ta jiragen lantarki, wadda ta ratsa ƙarƙashin kogin Thames.