Tawla: Daga Fadar Kisra Zuwa Wayar Hannu

Duk wanda ya saba ratsa Deira da daddare, ko ya leƙa gidajen shayin Misirawa da 'yan Sham a Dubai, ya san wannan ƙarar: ƙwas-ƙwas a kan katako, can sai wani ya ɗaga murya, "shesh besh!" Tawla ke nan, wasan da Turawa ke kira bakgamon. Mu da muka taso a nan mun san shi da ido, wasu kuma sun koya a waya a ɓoye, don da zarar Baba ya hangi 'yan lido biyu suna mirginawa, magana ta ƙare, caca ce. To wai sa'a ce zalla ko da ƙwaƙwalwa a ciki? Tambayar nan ta girmi kakanninmu nesa ba kusa ba.

Ga wanda bai sani ba: allo mai gida 24, kowa da 'ya'ya 15, ana jefa 'yan lido biyu, kowa na ƙoƙarin kai nasa gida ya kwashe kafin abokin wasa. Ɗan da ya zauna shi kaɗai ana iya cinye shi ya koma farko, kamar a lido. In biyu suka haɗu a gida ɗaya kuwa, sun tare shi, ba mai sauka.

Ku saurari yadda Balarabe ke ƙirga abin da ya jefa: yak, du, se, jahar, banj, shesh. Wannan ba Larabci ba ne, Farisanci ne. "Besh" ɗin ma biyar ce da harshen Turkiyya. A Dubai abin bai kamata ya ba mu mamaki ba, tunda Farisa tsallaken ruwa ce. A farkon shekarun 1900, da aka tsananta haraji a tashar Lingeh, Shehu Maktum bin Hashar ya ɗage kuɗin fito a Dubai, 'yan kasuwar can suka kwaso kaya suka dawo nan. Unguwar Bastakiya, wadda ake kira Al Fahidi yanzu, sunanta daga garin Bastak ne na Iran.

Masu tallar wasan suna son cewa ya shekara dubu biyar. A yi hankali da wannan. Gaskiya ne Leonard Woolley ya tono allunan wasan tsere a kaburburan Ur da ke Iraƙi a shekarun 1920, masu tarihin kusan shekara 2600 kafin Annabi Isa, amma gida ashirin gare su, dangi ne na nesa kawai. Na kusa shi ne tabula na Rumawa, mai gida 24 da 'yan lido uku. An ma adana labarin wani mugun jifa da Sarki Zeno ya yi wajen shekarar 480: 2, 5 da 6, wanda ya tarwatsa masa 'ya'ya takwas kowanne shi kaɗai. Mutum ya mulki daula guda, ga abin da 'yan tawla ke tuna shi da shi.

Ainihin uban tawla shi ne nardu na Farisa. Wani tsohon littafin Farisawa ya ce sarkin Indiya ya aiko wa Kisra Anushirwan, wanda ya yi mulki daga 531 zuwa 579, da wasan shaɗaranji, wato ces, a matsayin kacici-kacici. Wazirinsa Buzurjmihir ya warware, sannan ya ƙirƙiro nardu ya mayar musu, suka kasa. Tatsuniya ce mai yiwuwa, amma fassarar da aka yi wa allon ta zauna: gida 24 awannin yini da dare, 'ya'ya 30 kwanakin wata, kowace fuska ta ɗan lido in ka haɗa da ta bayanta bakwai. Marubutan Larabawa irin su Mas'udi sun ɗauki nardu a matsayin misalin ƙaddara, ces kuma misalin dabara.

Nan ne maganar Baba ta samo tushe, kuma bai kamata mu yi kamar ba mu sani ba. Akwai hadisai a Muwaɗɗa da Sahihu Muslim da suka ambaci nardu da suna suka yi hani mai tsanani. Risala, wadda ake karantawa a zaurukan Kano da Zariya, ta hana nardu da ces duka. Mafi rinjayen malamai sun haramta nardu ko da babu kuɗi a ciki. Shafi'awa da suka sassauta wa ces sun kafa hujja da cewa ita lissafi ce, nardu kuwa kirdado. Hukunci na malamai ne, ni tarihi nake bi. Abin da ya ja hankalina shi ne wannan rabon da aka yi tsakanin lissafi da kirdado, don darar da muka gada babu ɗan lido a cikinta, in an cinye ka ba ka da wanda za ka zarga.

Tsalle na gaba a New York aka yi shi, shekarun 1920, inda aka shigo da ɗan ninki, mai lambobi 2, 4, 8 har 64. Kana tsakiyar wasa sai ka ce a ninka abin da ake wasa a kai. Abokinka ko ya karɓa ko ya sallama. Don caca aka yi shi, ba shakka, amma shi ya cusa lissafi a tsakiyar wasan. Ku duba: in aka ninka maka sau huɗu ka sallama duka, ka rasa maki 4. In ka karɓa, aka ci ka uku ka ci ɗaya, ka rasa 6 ka samu 2, asarar dai 4 ce. Ke nan matuƙar kana da damar ci sau ɗaya cikin huɗu, karɓa ta fi. Mutane da yawa tsoro ke sa su sallama wasan da bai mutu ba.

Sai kwamfuta ta shigo. A 1979 a Monte Carlo, Luigi Villa ɗan Italiya ya zama zakaran duniya, washegari manhajar Hans Berliner mai suna BKG 9.8 ta lallasa shi 7 da 1. Karo na farko ke nan da na'ura ta doke zakaran duniya a wasan allo. Abin dariyar, da aka bi wasan daki-daki sai aka ga Villa ya fi ta iya wasa, jifa ne ya yi mata kyau. Berliner da kansa ya yarda da haka.

Shekarar da ta canja komai 1992 ce. A watan Yuli Andreas Schneider ya buɗe FIBS a wata kwamfutar jami'ar Chalmers a Suwidin, dandalin farko na buga wasan ta intanet. A shekarar kuma Gerald Tesauro na IBM ya fito da TD-Gammon. Ita wannan ba a cika ta da dabarun gwanaye ba, barin ta aka yi ta yi ta wasa da kanta, har sau miliyan ɗaya da rabi, tana gyara kanta daga ci da faɗuwa. Da ta ƙware sai ta fara saɓa wa littattafai. Gwanaye sun daɗe suna cewa in ka buɗe da 2-1, 4-1 ko 5-1, ka ajiye ɗa guda a gidanka na biyar da fatan rufe shi a jifa na gaba. Ita kuwa ta fi son raba 'ya'ya biyun nan na can baya. Aka gwada, aka ga tana da hujja, manyan 'yan wasa suka bi ta. Dara ta ci gida. Hanyar koyon nan ita ta haifi AlphaGo na 2016, kuma Richard Sutton da Andrew Barto da suka aza harsashinta sun karɓi lambar Turing ta 2024.

Bayanta aka yi Jellyfish, Snowie, GNU Backgammon, sai eXtreme Gammon a 2009. Abin da suka kawo, a ganina, ya fi doke ɗan Adam muhimmanci: suna iya ware sa'a gefe guda, kuskure gefe guda. Ka gama wasa, manhaja ta nuna maka jifa nawa ne ya taimake ka, motsi nawa ka ɓata, ta ba ka makin kuskure. Gwanayen duniya irin su Masayuki Mochizuki na Japan, zakaran 2009 da 2021, suna kewayen 3. Sabon shiga ya kan haura 15. Kana iya cin wasa a nuna maka shirme ka yi. A wasa ɗaya sa'a ce sarauniya, a wasa ɗari biyar kuwa mai ƙarancin kuskure ne a sama. Wannan bai taɓa nassi ba, amma ya amsa tsohuwar tambayar da alƙaluma.

Wanda ke son gyara hannunsa, ya fara da 36, yawan yadda 'yan lido biyu ke iya faɗuwa. In dole ka bar ɗa shi kaɗai, kuma babu shinge a tsakani: gida ɗaya gaban abokin wasa, jifa 11 ke cin sa, gida shida, 17, kusan rabi, gida bakwai, 6 kacal. Wato ko ka manne masa ko ka wuce shida. Kowa na farawa da taku 167, ka riƙa ƙirgawa: in kana gaba ka gudu, in kana baya ka tsaya ka kafa tarko. In ka buɗe da 3-1, rufe gidanka na biyar, babu gardama. Masu kukan an yi wa 'yan lidon intanet asiri kuma, siki-siki da 'yan uwansa sau ɗaya cikin shida suke zuwa, na abokin wasa kawai muke riƙewa a rai. Dandalin kuɗi kuwa ku bar shi: wanda kake karawa da shi yana iya buɗe manhaja a gefe tana faɗa masa motsi, ga shi caca marar lasisi laifi ce a dokar ƙasar nan, har ta intanet.

In kuma ka ƙware a waya ka nufi gidan shayi da taƙama, ka fara tambayar wacce za a buga. Irin ta intanet 'yan Sham na ce mata faranjiyya, wato ta Turawa, kuma galibi ba sa sa ɗan ninki. Dattijon da ke gabanka yana iya cewa mahbusa, inda ba a cinye ɗa, danne shi ake yi a tsare shi a inda yake, kuma duk 'ya'yanka 15 a gida ɗaya suke farawa.