Asalin Ganuwar Bauchi da Ƙofar Wunti

Malam Yakubu ɗan Dadi, mutumin Gerawa, tun yana yaro aka kai shi karatu wurin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Da ya komo gida da tutar jihadi, sai ya fara zama a Inkil. Wurin bai kwanta masa ba, don jama'a na ta ƙaruwa, abokan gaba kuwa suna kan duwatsu suna hangensa.

Dattawa sun ce ana nan sai ya gamu da wani maharbi mai suna Baushe, wanda ya san dajin nan ciki da bai. Malam ya tambaye shi inda ya kamata a kafa birni. Maharbi ya kai shi yamma da dutsen Warinje, ya nuna masa fili mai ruwa, duwatsu sun yi masa garkuwa. Malam Yakubu ya ji daɗi, ya yi masa alkawarin garin zai ci sunansa. Wasu masana sun ce a'a, tun kafin jihadi Hausawa na kiran ƙasashen kudu Bauchi. To, amma me zai sa sarki ya raɗa wa sabon birninsa sunan da ake kiran ƙasar da yake yaƙa? Ni dai maganar dattawa ta fi shiga kunnena.

A 1809 aka kafa garin, sannan aka sa hannu a ginin ganuwa. Aka yi gayya, masu haƙa na haƙa, masu kwaɓa na kwaɓa, magina na ɗora tubali. Dabarar mutanen dā abin yabo ce: ramin da aka ɗebi ƙasar gini shi ne ya zama gwalalo, sai mahayi ya ƙetare shi kafin ya taɓa bango. Kewayen ganuwar ya haura kilomita 10. Ƙofofi aka sa musu sunayen wuraren da hanyoyinsu suka nufa, su Inkil, Tirwun, Wase, Jahun, Ran, Dumi, da tamu ta Wunti, wadda ke fitar da mutum yamma. Magariba na yi sarkin ƙofa ya ja ƙyaure, fataken da suka makara su kwana a waje da jakunansu.

Malam Yakubu ya rasu a 1845. Turawa suka ci garin a 1902, daga nan ganuwa ta rasa mai yaɓe. Damina ta zaizaye ta, masu gini suka kwashe ƙasar, abin takaici. Ƙofar Wunti an sake gina ta da siminti, kasuwa ta cika gefenta.