Tarihin Bikin Ranar Godiya a Amurka: Labarin Baƙo da Mai Masauki

A wannan fitowa filinmu na tarihi zai leƙa ƙasar Amurka, inda kowace shekara, ranar Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba, ake rufe ofisoshi da makarantu, kowa ya nufi gidan iyayensa don a ci abinci tare. Sunan wannan rana Thanksgiving, wato Ranar Godiya. Asalinta bikin kaka ne, amma in an bi salsala za a ga labari ne na baƙi da masu masaukinsu.

A watan Satumba na 1620 wani jirgin ruwa mai suna Mayflower ya tashi daga Ingila ɗauke da fasinja 102. Wasunsu Kiristoci ne da suka saɓa da cocin sarkin Ingila, har suka yi zaman gudun hijira na shekaru a Holan. Sauran kuwa neman arziki ya fito da su. Bayan kwana 66 a teku suka hango tudu, a watan Disamba suka sauka a wurin da ake kira Plymouth, cikin jihar Massachusetts ta yanzu. Sun zo a tsakiyar hunturu, ba gida, ba rumbu. Kafin sanyi ya wuce, yunwa da cuta sun kashe kusan rabinsu.

To, ƙasar nan ba kango ba ce, tana da masu ita: ƙabilar Wampanoag, ƙarƙashin sarkinsu Massasoit. Su ma a cikin wahala suke, don tsakanin 1616 da 1619 wata annoba da ta biyo jiragen Turawa ta share garuruwansu da yawa, ga kuma maƙwabtansu 'yan Narragansett, waɗanda annobar ba ta taɓa sosai ba, suna yi musu barazana. Saboda haka da Massasoit ya ƙulla amana da baƙin a watan Maris na 1621, ba tausayi kaɗai ba ne, har da dabarar mulki. Yana neman abokan da ke da bindiga.

A nan ne Tisquantum ya shigo, wanda Turawa ke kira Squanto. Wannan bawan Allah a 1614 wani matuƙin jirgi Bature ya sace shi, ya kai shi Sifaniya don ya sayar. Ya kuɓuta ya isa Ingila, ya koyi Turanci. Da ya dawo gida a 1619 sai ya iske annoba ta cinye garinsu Patuxet kaf. Abin mamaki, a kan kufan garin nan nasu baƙin suka kafa nasu gari. Duk da haka shi ya zama tafintansu, ya nuna musu yadda ake shuka masara a binne kifi a gindinta a matsayin taki.

Da kaka ta yi a 1621, masara ta yi kyau. Gwamnansu William Bradford ya sa aka yi shagali. Baƙin da suka rage kimanin 50 ne, Massasoit kuwa ya zo da mutum wajen 90, suka harbo barewa biyar suka kawo. Kwana uku ana ci ana sha. Kusan duk abin da aka sani game da wannan biki daga wasiƙar wani cikinsu ne, Edward Winslow. Su kansu ba su kira shi Ranar Godiya ba, don a wurinsu ranar godiya ta zaman coci ce da addu'a. Sai a 1841 wani malami, Alexander Young, da ya sake buga wasiƙar, ya laƙaba masa suna bikin godiya na farko.

Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. A can dai raɓar ba ta bushe ba. Jirage suka yi ta zuwa, baƙi suka yi ta cin gonaki, har wuri ya ƙure wa masu ƙasa. Amanar ta yi shekara 50 da 'yan kai, sannan a 1675 yaƙi ya ɓarke tsakanin Turawan da Metacom, ɗan Massasoit na cikinsa. A 1676 aka kashe shi, aka kafe kansa a kan sanda a Plymouth fiye da shekara 20, aka sayar da ɗansa bawa. Jikan mai masauki ke nan fa.

Yaya aka yi to bikin ya zama na ƙasa baki ɗaya? Shugaba George Washington ya ware ranar godiya a 1789, amma ba ta zama ta kowace shekara ba, kowace jiha da lokacinta. Wata editar mujallar mata, Sarah Josepha Hale, ita ta ɗauki abin da zafi, ta yi shekara da shekaru tana rubuta wa shugabanni wasiƙa. A 1863, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka, Shugaba Abraham Lincoln ya amsa, ya sa Alhamis ta ƙarshe ta Nuwamba. A 1939 Shugaba Franklin Roosevelt ya jawo ranar baya da mako guda, don 'yan kasuwa su sami ƙarin kwanakin cinikin Kirsimati. Rigima ta tashi, wasu jihohi suka bi, wasu suka ƙi, har majalisar dokoki ta yanke a 1941 cewa Alhamis ta huɗu ce.

Tun daga nan al'adu suka yi ta ƙaruwa. Gasasshen talotalo shi ne sarkin tebur, ga dankali, ga masara, ga wani gashin fulawa mai zaƙi da ake cika wa kabewa. Kantin Macy's ya fara jerin gwanonsa a birnin New York tun 1924. Ƙungiyar Detroit Lions tana buga ƙwallon Amurka a ranar tun 1934. Daga 1989 kuma ya zama al'ada shugaban ƙasa ya yi wa talotalo afuwa kada a yanka shi. Kashegari Juma'a kuwa ranar rububin sayayya ce, kantuna su karya farashi.

Amma masu ƙasa ba su manta ba. A 1970, wajen cikar shekara 350 da zuwan jirgin, aka gayyaci wani ɗan Wampanoag, Wamsutta Frank James, ya yi jawabi. Da masu shirya taron suka karanta abin da ya rubuta sai suka hana. Shi ko ya tafi kan tudun da gunkin Massasoit yake a Plymouth ya yi maganarsa. Daga ranar zuwa yau, kowace shekara suna taruwa a can, suna kiranta Ranar Makoki ta Ƙasa.

Mu da ke zaune a garuruwan wasu, mun san nauyin amanar da ke tsakanin baƙo da mai masauki, kuma mun san 'ya'ya da jikoki ne ke gadonta. Allah ya ba mu ikon riƙe ta, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.