Ina Ake Ɗaura Igiya?

Wani ƙanena ne ya miƙa wa Kawu waya bayan la'asar, muna zaune a dakalin ƙofar gida a Birnin Kudu. "Kawu, ga a-kori-kurar Amurka, ba ta shan mai." Tsohon ya karɓa, ya juya wayar yana zaton a kife aka ba shi. Motar Cybertruck ce ta kamfanin Tesla, jikinta fari tas kamar sabuwar tukunyar silba, bayanta ya gangaro kamar rufin kwano. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "To, ina ake ɗaura igiya?"

Yara suka bushe da dariya. Ni ban yi ba, don na yi masa karen mota a hutun makaranta, na kuma san cewa da wannan tambayar ake tarbar kowane abin ɗaukar kaya a ƙasar nan tun kafin a haifi Kawu.

Kafin mota, jaki da takarkari ne ke kai hatsi kasuwa, raƙumi kuma ya yi doguwar tafiya. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama kuɗi, dillalan manyan 'yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata suka bazu ƙauyuka suna saye. Layin dogo bai biyo ta wajenmu ba. Tafiyar fiye da kilomita ɗari ce zuwa Kano, ga kogi a Wudil, don haka jaki ya ci gaba da aikinsa shekara da shekaru har manyan motoci suka yawaita.

Abin lura game da waɗancan motocin, su Bedford da Austin da Marsandi 911, shi ne rabi ake sayo su. Kai da inji da ƙashin baya suke zuwa daga Turai, kafinta ne zai ƙera bodin katako a nan, ya yi masa tsani, mai fenti ya zana zaki ko dawisu. Tun daga lokacin muka saba da cewa mota ba a gama ƙera ta sai ta shigo hannunmu.

Ƙaramar motar kaya kuwa sunanta ya faɗi aikinta. Kura ita ce amalanken da ake turawa da hannu, motar kuma aka kawo ta don ta kore ta: a-kori-kura. Da masana'antar Fijo ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975, sai 404 da 504 masu buɗaɗɗen baya suka cika hanyoyin karkara. Ta Kawu 404 ce, kuma ya saye ta ne bayan ta sha hannu biyu. Ranar da ta zo ba gida ta kwana ba, wajen mai walda ta kwana. Aka ƙara mata sifirin a baya, aka ɗaga mata kejin ƙarfe har ya wuce kan direba, aka jera ƙugiyoyi a gefe da gefe.

Na tuna lodin ranar kasuwar Sara, a ƙasar Gwaram. Buhunan gero da dawa ne a ƙasa, a kwance, bakinsu na kallon ciki. A kansu buhunan barkono, masu cika ido ba nauyi. Awaki a ɗaure su can ƙuryar gaba, kaji a kwando a rataye a waje. Sai mutane su hau bisa, tsofaffi a tsakiya, samari a bakin keji ƙafafu na reto. Ni ne na ƙarshen hawa, da weji a hannu, wato guntun katakon da nake dirowa in cusa a bayan taya duk inda muka tsaya a gangare, don birkin hannu ya daɗe da rasuwa. In lagireto ta fara yoyo, garin barkono ko sabulu ne magani har mu kai Babaldu. In batir ya ƙi, fasinja su sauko su tura, ba mai ƙorafi. Wata rana bel ya tsinke mana a daji tsakanin Gwaram da Birnin Kudu, Kawu ya kwance igiyar wani akuya ya murɗa ta ya ɗaura, muka lallaɓa muka iso gari da magariba, mai akuyan riƙe da dabbarsa a cinya.

Bayan 1986, da darajar naira ta zube, sabuwar Fijo ta fi ƙarfin talaka. 'Yan Kwatano suka maye gurbi: J5, da Kanta, da ƙananan motocin da aka yi don iyali a Jamus amma a nan ake cire kujerun baya a zuba musu buhu. Daga baya babur mai ƙafa uku ya shigo, wanda Kanawa suka raɗa wa a-daidaita-sahu a zamanin Gwamna Malam Ibrahim Shekarau, da ƙanwarsa kurkura mai ɗaukar kaya. Babu kyakkyawa a cikinsu. An yi wa kurkura dariya kamar me, yau ga ta a bakin kowace kasuwa. Ban taɓa ganin motar da muni ya hana ta ciniki a tashar nan ba. Waɗanda suka mutu, rashin kayan gyara ne ya kashe su: a je Ƙofar Ruwa a Kano a dawo hannu rabbana, sai motar ta zama ɗakin kaji a bayan gareji.

Don haka masu cewa siffar Cybertruck ce za ta kayar da ita, a ganina ba can matsalar take ba, aƙalla a wajenmu. A Amurka ma kasuwarta ba ta yi yadda aka zata ba. Elon Musk, shugaban Tesla, ya nuna ta a Nuwamban 2019, ranar da aka jefi gilashinta da dunƙulen ƙarfe don a nuna ƙarfinsa sai ya tsage a gaban jama'a. Ya ce za a sayar da ita daga dala 39,900. Ba ta fito ba sai ƙarshen Nuwamban 2023, kuma na farkon sun kai wajen dala 100,000. An yi maganar ƙera 250,000 a shekara, amma abin da aka sayar a 2024 bai kai 40,000 ba. A Maris na 2025 aka kira kusan 46,000 gyara, saboda wani sashen jikinta da aka manna yana ɓallewa a kan hanya.

Gaskiya akwai maɗaurai a cikin bayanta, kuma tana ɗaukar fiye da tan ɗaya. Amma gefenta a karkace yake, ba inda keji zai zauna, ba inda saurayi zai ɗosana. Jikinta ƙarfe ne mai taurin da gudumar fanalbita ba ta lanƙwasa shi yadda ta saba, ƙarƙashinta zubin alminiyom, cikinta kwamfuta. Mota ce da aka gama ƙerawa, ba a bar wa mai walda komai ba. Ga batun caji, a garin da ake kai waya shago a biya kuɗi a caja ta da janareto.

Ba wai mutanenmu na ƙin lantarki ba ne. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a 2024, duk direba ya san zafin tanki. Masu noman rani da yawa sun ajiye injin fetur sun koma famfon sola, ba wanda ya yi musu wa'azi. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire injin ƙananan bas yana sa musu batir. Ta wannan ƙofar nake tsammanin abin zai shigo mana: tsohon jiki da muka sani, ko kurkura mai batirin da za a iya ciro shi a ɗora wani.

Da na yi wa Kawu wannan bayanin, ya tambayi kuɗinta. Ƙanena ya buga lissafi a waya ya faɗa masa da naira. Kawu ya yi salati, ya miƙa masa wayar.

"Ɗan nan, nemo min mai ƙafa ukun in gani. Ka nuna min ta baya."